Lemun Tsami Huɗu

A rumfar mai shayi, bakin filin tseren motoci a bayan garin Chennai, Vasuki ta ƙanƙame lemun tsami huɗu. Wani dattijo ya dube ta.

"Ƙanwata, na sawa ƙarƙashin taya ne?"

"Eh, Yaya. Yau ɗana zai fara karawa da manya, ko gemu bai yi ba. Na ce motarsa ta taka su don kore mugun ido, injiniyoyin suka yi mini dariya."

"Ni bara sun bar ni na sa wa nawa ɗan."

"Ka gani. Ya tsare shi, ko?"

Dattijon ya ajiye kofinsa a hankali. "Wace mota aka ba ɗanki?"

"Jar nan, mai lamba bakwai."

"Ashe sun gyara ta."