Ranar Da Malam A-Rage Ya Yi Tsalle A Kan Gada

Shugaban taro, shugaban sashenmu, malamaina, ƙannena ɗalibai, Mama uwargidan Malam, da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Na gode da kuka ba tsohuwar ɗaliba mai taurin kai damar magana a ranar da Malam ke ajiye aiki. Sai dai hankalina ba a kwance yake ba, domin an ce da zarar ya tafi za a rufe darasinsa, babu mai koyarwa. Sau uku yana roƙona in karɓa, sau uku ina zillewa.

Da farko, ga abin da ya koya mana. Injiniya zai rubuta motsin gada cikin layin lissafi miliyan guda, kwamfuta ta kwana tara tana nishi. Sai Malam ya ce, "A rage!" Nan sunansa ya samo asali. A zaɓi wurare kaɗan a ma'aunin saurin lilon gadar, a gina ƙaramin lissafi mai layi ashirin, a tilasta masa ba da amsa daidai da babban a waɗannan wuraren, a tsakaninsu kuwa ya bi sawu.

Na biyu, duk sirrin yana wurin zaɓen. Ni, lokacin ina ɗalibarsa, na zaɓi wurare shida, duka inda gada ke lilo a hankali, don nan ne zane ke yin kyau. Na kai masa ina taƙama. Ya ja ni gadar ƙafa ta bayan ɗakin gwaji, ya ce in riƙe ƙarfen gefe. Jama'a, sai ga dattijo mai ciwon gwiwa yana tsalle! Ƙarfen ya ɗau karkarwa har cikin haƙorana.

Ya ce, "'Yata, wannan rawar tana cikin lissafinki?"

Na ce, "Babu, Malam."

Ya ce, "To, 'yan makaranta da gudu suke tsallake gada."

Kunya ta kama ni har na yi kuka. Mama, ki yafe mini, ni na jawo miki sati guda kina gasa gwiwa.

Na ƙarshe, Malam, wallahi muna ƙaunarka, kuma ba zan iya ganin ajin nan a kulle da kwaɗo ba. Jiya na miƙa wa kamfanin da nake yi wa aiki takardar barin aiki. Shugaban sashe, kada a rufe. Na karɓa.

Allah Ya ba Malam lafiya da hutu mai albarka, Ya saka wa Mama, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.