Wuƙar Kajin Fasto

A kasuwar Kankiya, Kamilu ya daɗe yana jujjuya wata 'yar wuƙa mai naɗewa.

"Ta wa ce, samari?" in ji tsoho mai wuƙaƙen.

"Ta Fasto ce, Baba, maƙwabcinmu a Kusada."

"Fasto? Me zai yi da ita?"

"Duk Kirsimeti mahaifina ke yanka masa kaji, don mu ma mu ci. Bana ya rasu. Na lura Fasto na jin nauyin tambayata."

"Allah ya jiƙansa. To, wuƙar fa?"

"Zan ba shi ya ajiye. Ranar ya aiko min da ita kawai, ba sai ya buɗe baki ba."

Tsohon ya jawo dutsen washi.

"Kawo in wasa ta. Kada yankanka na farko ya wahalar da kaza."