Motar Maƙwabciya

A bencin mai gyaran wayar mota, wata mata ta ƙura wa rimot ɗin dattijon gefenta ido.

"Baba, wannan ne ke tayar da mota ba kowa ciki? Doka ta yarda kuwa?"

"Ni dai ba a taɓa tare ni ba, 'yata. Kafin in fito, cikinta ya yi sanyi."

"Ba ya kuskure ya tayar da ta wani?"

Dattijon ya damƙe rimot ɗinsa. "Me ya kawo tambayar? Sai motar da aka haɗa shi da ita."



Ta ce, "Maigidana kullum ya danna nasa, motar maƙwabciyarmu ce ke tashi. Ya ce min wai layi ne ke haɗuwa."