Awon Igiyar Cibiya

A bencin ɗakin hoton ciki na wani asibiti a Malali, Umaima na naɗe takardarta, sai wata dattijuwa da ta rako 'yarta ta dubi cikinta.

"'Yar nan, wata shida ne?"

"Takwas, Mama. Ɗan ne bai cika girma ba."

"To ki gode Allah, ƙaramin ɗa ai sauƙin naƙuda ne. Mu a da har tuwo muke ragewa da gangan."

"Ni kuwa surukata ɗura take yi mini. Amma likita ta ce ba daga cina ba ne. Duk mako biyu suna auna yadda jini ke bi ta igiyar cibiya ya isa gare shi. Ta ce kamar famfo ne, tanki kan cika amma bututu ya ƙi kawowa."

"Yau me suka gani?"

Umaima ta yi murmushi. "Jini na gudu lafiya lau, har ƙararsa suka jiyar da ni. Ɗan ma ya ƙara nauyi."

Dattijuwar ta gyara mayafinta.

"Cikina na fari ma haka yake, ɗan mitsitsi. Kowa na cewa na huta. Ban ji kukansa ba."

"Allah ya sa mai ceto ne, Mama."

"Amin." Ta miƙe tana laluben takalmi. "Riƙe mini jakar nan. Cikin Sa'adiyata ma bai cika ido ba, bari in ce su duba mata igiyar."