Kafin Wilfrido Ya Sauko Daga Tudu

Shugabar ƙungiyar 'yan kasuwa, Doña Zoraida. Mai girma Fada Anselmo, limamin cocinmu. Mai unguwarmu, Don Porfirio. Dattawa maza da mata. 'Yan uwana masu rumfa da masu tallan kai. Da ku samarin da kuka jingina a taga don kada a ce kun zo taro: ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Na gode wa shugaba da ta ba ni fili. Na gode wa mazan da suka haƙa kabari cikin ruwan sama shekaranjiya, na gode wa matan da ba su bari murhun gidan makoki ya huce ba. Kun san ni, Lucindo mai kifin gishiri. Na tsufa ina sayar wa mutane abin da ba shi suka fito saye ba, amma ban taɓa ɗauko hajar da ta yi mini nauyi a baki irin ta yau ba.

Ga inda muke. Don Casimiro Matos yana ƙasa. Ɗansa Wilfrido yana babban birni, Santo Domingo, bai sani ba. Ranar Lahadi shi zai hau tudun jifa a babban filin besbol, Amurkawa masu neman 'yan wasa kuma za su zauna bayan raga suna auna hannunsa. Hannun nan an yanka shi an ɗinke. Yaron nan an sallame shi daga ƙungiyar wasa, ya koma ya roƙa, an sake ɗaukarsa. A shekarunsa kuwa ba a kallon mai jifa sau biyu. In ya jefa da kyau, ya haye teku. In hannun ya yi rawa, ya dawo nan ya yi dakon gawayi tare da sa'o'insa.

A bayan motar da ta nufi asibiti da shi, Casimiro ya riƙe wuyan rigata ya ce, "Lucindo, duk kasuwa babu maƙaryaci kamarka. Yau dai ka yi abin kirki da ƙaryar nan taka. Kada yaron ya ji sai ya sauko daga tudu." Na ce ya bari ya warke ya yi ƙaryarsa da kansa. Bai yi dariya ba. Matarsa, Doña Eduviges, tana wurin, da kunnenta ta ji.

Wasu sun ce a fasa tafiyar da muka shirya zuwa wasan, ba a zuwa kallon ƙwallo da sabuwar ƙasa a takalmi. Gaskiya ne. Amma tun farkon damina muka aika wa Wilfrido cewa garin nan zai cika mota, shi kuma ya ware mana kujeru. In ya ɗaga kai ya ga kujerun babu kowa, to mun gaya masa ke nan, mun kuma gaya masa ta hanya mafi muni. Saboda haka za mu je, ga kuma yadda za mu je.

Na farko, za mu makara. Bienvenido direba ya ce mini shi bai taɓa makara ba. Na ce masa duk wanda ya taɓa shiga motarsa yana nan zaune, ya faɗa da ƙarfi su ji. Wannan karon da izini zai yi. Za mu tsaya a hanya mu ci taliyarmu da burodi a tsanake, ba za mu shiga fili ba sai an rera taken ƙasa. In muka isa da wuri yaron zai fito bakin ƙofa ya rungume mu, ni kuwa ban san mutum ɗaya a ɗakin nan da zai jure rungumar ba.

Na biyu, tufafi. Babu baƙi, babu fari, babu ƙyallen makoki a aljihun riga. Ku ɗauko ja da rawaya, ku ɗauko ganga. Giya kuma sai a dawowa. Na san mazan garin nan: kwalba ɗaya waƙa, ta biyu kuka, ta uku sai a tafi neman wanda za a ba labari. Kada kuma wani ya hau wurin mai sharhi a rediyo don a gaida garinmu kamar yadda muka saba. Mutanen nan suna da kirki, kirkin ne abin tsoro: su ji an yi rasuwa, su tsayar da wasa, su sa filin duka ya yi shiru don girmama mamaci, yaron na tsaye a tsakiya da ƙwallo a hannu.

Na uku shi ne wanda ya hana ni sukuni. Tun Wilfrido yana jifan lemo a bayan coci, bai taɓa fitar da mai bugun ƙwallo daga wasa ba sai ubansa ya busa masa katantanwar teku. Zai saurari busar nan. Don Nicanor, ƙanen marigayi, ya yarda zai sa malafar yayansa ya zauna can sama inda fuska ba ta ganuwa. Jiya na same shi a bakin rafi yana gwadawa. Na ce, "Baffan yaro, wannan busa ce ko ana yanka maraƙi?" Ya ce in zo in busa da wannan bakin nawa da ba ya gajiya. Muka yi dariya, sannan ya zauna a kan dutse ya rufe fuskarsa da malafar. Matasa, in busar ta karye, ku rufe ta da ganga.

Fada ya gaya mini a fili cewa shi ba zai yi ƙarya ba. Na ce ba mu roƙe shi ƙarya ba, mun roƙe shi ya zauna a gida ya tsare mana kyandir ɗin makoki. Ya kuma ce abin da muka yi zalunci ne ko da uba ne ya nema. Mun binne mutum ɗansa bai ga fuskarsa ba, kuma ana iya buge jifan yaron tun farkon wasa, a tashi babu uba babu Amurka.

Saura maganar Doña Eduviges. Al'adarmu ce matar mamaci ba ta taka waje sai an yi addu'ar ƙarshe: ƙofar gaba a rufe, ita a ciki. Ta ce za ta je, da riga mai furanni. Na nuna mata abin da bakin mutane zai yi da ita. Ta ce, "Lucindo, in bai ga uwarsa kusa da malafar nan ba, zai ƙara kallon malafar." Don haka ina roƙon matan garin nan, ina roƙonku da girman Allah: wadda ta ga Eduviges tana tafi ranar Lahadi, ta san abin da tafin yake ci mata, ta kuma riƙe harshenta bana da baɗi.

In an tashi wasa, ko an ci ko an sha kashi, kowa ya wuce mota kai tsaye. Eduviges kaɗai za ta tsaya a ƙofar 'yan wasa. Ta ce daga bakinta zai ji. In yaron ya shigo motar bai gaida kowa ba, kada a ce ya yi girman kai. In ya zage mu, kada wanda ya ce masa don alherinsa aka yi. Mu sunkuyar da kai mu karɓa, har gida.

Allah ya jiƙan Casimiro. Allah ya ƙarfafa hannun ɗansa, ya ƙarfafa ƙafafun uwar. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, in kuma mun yi kuskure, ya ɗora nauyin a kanmu, ya sauke wa yaron.

Na gode.