Wayar da Ta Manta Kwanan Wata

A tashar Isa nike jiran mota ta cika. Wani dattijo na ta dannar wani wasa a waya, wani direba na kallonshi.

"Baba, da furfura kake wasan yara?"

"Ba wasa nika yi ba. Ɗana Jibrilla ya tafi haƙar zinari tun da fari ya ƙone geronmu, kuma layinshi ya mutu. Samarin garinmu Tozai sunka buɗe ɗakin hira cikin wasan ga, sai da lambar sirri ake shiga. In na ga sunanshi ya yi kore, alamar shina ciki, na san shina da rai. Yau kwana ashirin wayar ta hana ni shiga."

"Akwai data?"

"Sau biyu na saya."

"Kawo in gani. Kai! Wayarka ta koma shekara goma baya. Cire batir kake yi?"

"Shi nika aikawa kasuwa caji."

"Duk cirewa tana manta kwanan wata, masu wasan kuwa ba su buɗe ma wanda ranarshi ta saɓa. Na gyara. Ga shi ya buɗe."

"Kore ne?"

"A'a. Amma an rubuta jiya ya shiga."

"Jiya! Alhamdu lillahi." Dattijon ya amshi wayar ya duba. "Ashe shi ma kwana ashirin shina duba sunana bai ga kore ba. Mi zai zata?"

"Motarku ta cika, Baba."

"Bari ta tafi. Hanya ba sabis. Nan za ni zauna sai ya gan ni."