Likkafanin Kakata

Salamu alaikum mai gabatarwa, ina gaisuwa. Ni ce Hajaru daga Kebbe. Na daɗe ina jin nauyin rubuto muku.

Lokacin yaƙin Hitila jirgin sama ya faɗi a gonarmu. Kakata ta ba da likkafanin da ta tanadar wa kanta, aka rufe matuƙin. Ni ka sharar kabarin, ina raya cewa wata budurwa na can tana jiransa, kamar a littafi.

Bana Turawa suka zo nemansa. Na nuna musu wurin, don sun ce dutse kawai za su kafa da sunansa. Sai suka tone shi suka tafi da shi, suka bar ragowar likkafanin yashe a bakin rami.

Kaka ba ta gani yanzu. Kullum sai ta ce, "Jikalle, an kafa wa baƙonmu dutsen?"

Jama'a, me zan ce mata?